Memorin da ba ya ƙorafi ya fi mai ƙorafi haɗari

A garuruwa irin su Kamarawa da ke Ƙaramar Hukumar Isa, da ƙauyukan da ke tsakanin nan da Sabon Birni, wayar hannu ta daɗe da wuce abin kira da kallon barkwanci. Mutumin da harin 'yan bindiga ya tasa cikin dare ba ya tsayawa neman jakar takardu, abin da ke aljihunsa da shi zai fita. Shi ya sa matasa da yawa suka koma ɗaukar hoton duk wata takarda mai muhimmanci: takardar NIN, katin zaɓe, sakamakon WAEC ko NECO, takardar cinikin gona, shafin littafin bashi na shago, wani lokaci har da muryar wani dattijo da ya riga mu gidan gaskiya. Dabara ce mai kyau, babu mai musu. Inda gizo ke saƙa shi ne wurin da ake zuba waɗannan abubuwa, wato ɗan memorin nan da bai wuce girman farce ba, wanda aka saya a kan tebur ranar kasuwa, kuma babu wanda ya taɓa gwadawa ya ga ko abin da aka zuba a ciki zai sake fitowa.

Akwai mutanen da wannan tambaya ita ce aikinsu na kullum, kuma ya kamata mai waya ya ari hankalinsu. Su ne ma'aikatan da ke kula da kaset ɗin ajiyar bayanai a bankuna da jami'o'i da manyan kamfanonin intanet. Wani zai yi mamaki jin an ce kaset, don a tunaninsa kaset ya mutu tun zamanin rediyon baba. Bai mutu ba, aiki ya sauya. Nau'in da ya fi yaɗuwa ana kiransa LTO, wanda kamfanonin HP da IBM da Seagate suka haɗu suka fitar. Na farkonsa ya shigo kasuwa a 2000 yana ɗaukar 100GB. Na tara, wanda ya fito a 2021, yana ɗaukar 18TB, wato abin da zai cika memori mai 128GB guda 140. A ciki zare ne mai maganaɗisu, faɗinsa rabin inci, tsawonsa kusan kilomita guda, an naɗe shi cikin ɗan akwatin da za a iya riƙewa da hannu ɗaya. Kamfanoni na son sa saboda araha, saboda yana iya shekaru a kan kanta ba tare da wuta ba, kuma saboda idan an zare shi daga na'ura babu wani ɗan kutse da zai iya taɓa shi ta intanet.

Abin da ya fi burgewa a wannan fasaha shi ne rashin yarda. Na'urar LTO ba ta yarda da kanta. A kan da ke rubutu akwai wani sashe mai karatu da ke biye da shi, don haka duk abin da aka rubuta a zaren, nan take ake sake karanta shi. Idan bai fito daidai ba, na'urar ta sake rubuta shi a gaba kaɗan. Idan hakan ya yi yawa, sai ta ɗaga hannu ta sanar da manhajar da ke tafiyar da ajiyar cewa rubutu ya gagara. Wannan ne saƙon da ake gani da Turanci an ce "write error", kuma akwai wani tsari da ake kira TapeAlert wanda na'urar ke amfani da shi ta ƙara bayani: kan na buƙatar shara, ko kaset ya tsufa, ko an kulle shi daga rubutu.

Ma'aikacin da ya san aikinsa ba ya ruɗewa idan ya ga wannan saƙo, kuma ba ya fara zargin manhaja. Yana da tsari. Zai fara da karanta rahoton da manhajar ta ajiye, ya ga a wane lokaci abin ya tsaya, a farkon kaset ne ko a tsakiya ko dab da ƙarshe. Sai ya duba ɗan makullin da ke jikin kaset, ko wani ya zame shi zuwa ɓangaren hana rubutu. Sai ya sa wani kaset daban a na'urar. Idan sabon ya yi aiki, tsohon ne ke da laifi. Idan shi ma ya ƙi, sai ya ɗauki kaset ɗin farko ya kai wata na'ura. Idan can ya yi, to na'urar farko ce, kuma sau da yawa datti ne kawai a kanta, akwai kaset na musamman da ake sawa ya share. Bayan nan ne zai duba kebul, sannan ya duba ko kwamfutar na turo bayanai da saurin da ya kamata, domin na'urar kaset ba ta son jira: idan bayanai na zuwa a hankali, sai ta riƙa tsayawa tana komawa baya tana sake tashi, kamar mai goge takalmi, kuma wannan kai-komo na cinye zaren da kan na'urar. Akwai kuma batun zamani, don na'urar LTO-9 ba ta rubutu a kaset ɗin da ya girmi LTO-8. Sai duk waɗannan sun wuce ake komawa kan saitin manhaja.

Sirrin tsarin ɗaya ne: abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Wanda ya canza kaset da kebul da manhaja a tare, ko da abin ya gyaru bai san me ya gyara ba, kuma gobe matsalar za ta dawo ta same shi inda ta bar shi.

Iyayen masu karanta wannan shafi sun san rabin wannan ilimi tun kafin a haifi Android. Wanda ya yi zamanin kaset ɗin wa'azi da na waƙa ya san cewa idan murya ta dushe ana samun auduga da ɗan sifirit a goge kan rediyo. Ya san idan zare ya sarƙe ana sa biro a naɗe shi. Ya kuma san ɗan haƙorin roba da ke saman kaset, wanda idan aka karya shi maɓallin ɗauka ba zai danna ba, sai an toshe ramin da takarda ko salatif. Mutanen da ke ɗaukar saƙon murya a kaset su aika wa 'yan'uwa da ke Makka ba sa ba matafiyi sai sun mayar da shi baya sun saurara. Ba su kira shi tantancewa ba, amma abin da na'urar LTO ke yi ke nan. Jikokinsu ne suka bar al'adar, saboda waya ta nuna musu layi ya cika ta ce an gama, su kuma suka yarda.

Abin da ke faruwa idan kuskure ya yi shiru, kamfanin Pixar na Amurka ya ɗanɗana shi a 1998, lokacin da ake tsakiyar haɗa fim ɗin Toy Story 2. Wani ya buga umarnin gogewa a inda bai kamata ba, kafin a kashe babbar kwamfutar kusan kashi 90 cikin ɗari na fayilolin fim ɗin sun tafi. Da farko hankali bai tashi sosai ba, tunda akwai ajiya a kaset. Sai da aka dawo da ita aka ci gaba da aiki, sannan aka gane ajiyar ba ta cika ba. Kamar yadda waɗanda suka yi aikin suka ba da labari daga baya, ajiyar ta kai iyakar 4GB da tsarin ke iya ɗauka, kuma fayil ɗin rahoton da zai faɗi cewa wuri ya cika yana zaune ne a wurin da ya cika ɗin, saboda haka shi ma bai samu inda zai rubuta ƙorafinsa ba. Mai gadi ne aka kulle a ɗakin da ya kamata ya tsare. Abin da ya ceci fim ɗin shi ne wata babbar ma'aikaciya, Galyn Susman, da ta haihu ba da daɗewa ba tana aiki daga gida, akwai kwafin fim ɗin a kwamfutarta. Aka naɗe kwamfutar da barguna aka ɗauko ta a mota. Fim ɗin ya fito a 1999.

Kamfanin GitLab, inda masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ya sha irin wannan a ranar 31 ga Janairun 2017. Ma'aikaci ya goge rumbun bayanai bisa kuskure, aka juya ga hanyoyin ajiya da ake da su, aka tarar ba sa aiki yadda ake zato. Ɗaya daga ciki ta daɗe tana faɗuwa saboda saɓanin zubin manhaja, kuma imel ɗin da ke sanar da faɗuwar ba ya isa ga kowa. Sun yi asarar aikin awa shida na masu amfani da su. Waɗannan ƙwararru ne masu albashi da kayan aiki. Ɗan makaranta a Isa da ke da Itel da memori guda ba shi da dalilin jin cewa ya fi su tsaro.

To a waya fa, yaya kuskuren rubutu yake bayyana? Mafi sauƙinsa shi ne wanda ke magana. Ana tura fayil zuwa memori sai waya ta ce ba a iya kwafa ba, ko kamara ta ƙi ajiye hoto, ko memorin ya ɓace ya dawo. Tsarin mai kaset ne ya dace a nan, ba tare da an rage komai ba. A kashe waya, a zare memori, a goge ƙarafunan zinaren da ke bayansa da ƙyalle busasshe mai laushi, domin ƙurar hunturu a gabashin Sakkwato ba ta barin rami ko na allura. A mayar a gwada. Idan ya ƙi, a sa shi a wayar wani. Idan can ya yi, ramin memorin wayar farko ne ya lalace, mai gyara ne maganinsa, ba sabon memori ba. Idan ta kwamfuta ake aiki da babbar rigar nan da ake zura memori a ciki, a duba ɗan makullin da ke gefenta, shi ne jikan haƙorin kaset, kuma yana zamewa da kansa.

Akwai wani kuskure da ke sa mutane jefar da memori mai lafiya. Memorin da bai wuce 32GB ba yawanci yana zuwa da tsarin fayil da ake kira FAT32, kuma wannan tsari ba ya karɓar fayil guda da ya kai 4GB, ko da akwai sarari mai yawa. Wanda ya ɗauki bidiyon walimar saukar karatu mai tsawo ya haɗe shi wuri ɗaya, zai ga ya ƙi shiga, ya zaci memorin ne ya mutu. Bai mutu ba, a raba bidiyon gida biyu ko a yi amfani da memori mai tsarin exFAT, wanda shi ne ke zuwa da waɗanda suka haura 32GB. Adadin nan na 4GB da ya kusa cinye fim ɗin Pixar har yau yana nan a aljihun mutane.

Wani lokaci kuma memori kan ƙi karɓar komai, ya ƙi goge komai, amma ana iya buɗe abin da ke ciki. Wannan alama ce ta tsufa. Kowane gurbi a memori yana da iyakar yawan rubutun da zai jure, kuma wasu memori idan suka ga ƙarshe ya zo sukan kulle kansu don kada abin da ke ciki ya lalace. Abin takaici shi ne yadda ake ɓata kwanaki ana neman manhajar da za ta buɗe shi. Memorin nan alheri ya yi, ya ba da wa'adi. Abin yi shi ne a kwashe komai zuwa wani wuri a ranar, a bar shi ya huta.

Duk waɗannan masu sauƙi ne, domin sun yi magana. Babban bala'i shi ne memori na jabu, kuma shi ba ya cewa uffan. A cikin kowane memori akwai ɗan guntun da ke sarrafa shi, shi ne ke gaya wa waya girman memorin. Masu jabu sukan ɗauki memori mai 8GB su sauya wa guntun nan magana, ya riƙa cewa 128GB ne, sannan a buga sunan SanDisk ko Samsung a jiki. Waya ba ta da hanyar ganewa, abin da aka gaya mata take nunawa. A makonnin farko komai zai tafi daidai, tunda ba a kai iyakar gaskiya ba. Ranar da aka wuce 8GB, sabon abin da aka tura ko dai ya faɗa rijiya, ko ya hau kan tsohon abu ya danne shi. Duk da haka layin turawa zai cika, waya za ta ce an gama, kuma sunayen fayilolin za su ci gaba da bayyana da girmansu, saboda jerin sunaye a wani wuri daban ake rubuta shi. Mutum zai duba ya ga hoton takardar gona yana nan, ya goge na cikin waya don samun sarari. Sai ranar da ake buƙatarsa a gaban hakimi ko alƙali, a danna, a ga baƙin allo.

Babu wani gyara ga wannan, kuma babu manhajar da za ta dawo da abin da tun farko ba a rubuta shi ba. Magani kawai shi ne gwaji kafin dogaro. A kwamfuta akwai manhajar H2testw ta Windows da F3 ta Linux, duka kyauta ne, kuma aikinsu irin na na'urar kaset ne: su cika memori da bayanai tun daga farko har ƙarshe, su sake karantawa, su faɗi nawa ne ya dawo daidai. Wanda ba shi da kwamfuta zai iya yi da hannu. Ya cika sabon memori da fina-finan da ya san suna aiki har ya kusa cika maƙil, ya zare shi ya mayar, sannan ya buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe, kowanne ya ja shi zuwa tsakiya da ƙarshe ya gani. Ba duba suna ba, buɗewa. A lura kuma, idan kwamfuta ta nuna memori mai 32GB a matsayin 29 da ɗoriya, wannan ba jabu ba ne, bambancin lissafi ne tsakanin masu ƙerawa da kwamfuta. Farashi ma shaida ne. Memorin da aka rubuta wa 256GB ana sayar da shi kuɗin mai 16GB ya riga ya faɗi gaskiyarsa.

Abu biyu ne Android ke tambaya waɗanda amsarsu kan jawo kuka. Na farko shi ne idan ta ce memori ya lalace, a yi masa fomat. Wanda ke da abu mai muhimmanci a ciki kada ya danna. A zare shi, a daina rubuta komai a kansa, a kai shi kwamfuta, sau da yawa manhaja irin PhotoRec na iya tsamo hotuna daga memorin da jerin sunayensa ne kawai ya rikice. Na biyu shi ne zaɓin da wasu wayoyi ke bayarwa tun daga Android 6, na mayar da memori ya zama ɓangaren ma'adanar cikin waya. Yana da daɗi, don manhajoji za su samu wuri. Amma wayar na kulle memorin da mabuɗin da ita kaɗai ta sani. Idan ta faɗa ruwa ko aka yi mata filashin, memorin ba zai buɗu a wata waya ba. Ga wanda ya ɗauki memori a matsayin rumbun da zai zare ya gudu da shi, wannan zaɓi ya rushe manufar gaba ɗaya.

Za a samu mai cewa duk wannan wahala ce ta banza, a zuba komai a Google kawai. A Legas ko Abuja maganar na da ƙarfi. A Isa da Sabon Birni mutane na da amsar da suka gani da idonsu. A watan Satumbar 2021, bayan an rufe layukan sadarwa a Zamfara, gwamnatin Sakkwato ƙarƙashin Aminu Waziri Tambuwal ta sanar da rufe su a ƙananan hukumomi 14 cikin 23, waɗannan biyu na ciki. Makonni aka yi ana haka. Wanda takardunsa ke Google Drive kaɗai, a wancan lokaci kamar ba shi da su ne, sai dai ya yi tafiya zuwa inda ake samun sabis, a kan hanyoyin da tafiyar kanta ita ce haɗarin. Ko ba a rufe layi ba, turken sabis a irin waɗannan wurare na iya ɗaukewa ba sanarwa.

Ita ma ajiyar intanet tana da nata kuskuren rubutun, kuma ba ta ɗaga murya sosai. Google na ba kowane asusu 15GB kyauta, Gmail da Drive da Photos duk a ciki suke ci, kuma daga farkon 2024 ajiyar WhatsApp ta Android ma ta shiga wannan lissafi. Idan wurin ya cika, ajiya ta tsaya. WhatsApp na rubuta kwanan watan ajiya ta ƙarshe da girmanta a sashen ajiyar hira da ke cikin saiti, kuma wannan ɗan layi shi ne kundin rahoton mai waya. Nawa ne ke buɗe shi? Wanda ya duba yau zai iya tarar da cewa ajiyarsa ta ƙarshe ta wata bakwai da suka wuce ce, saboda an saita ta sai da Wi-Fi, shi kuwa bai taɓa hawa Wi-Fi ba. Bidiyo ma ba ya shiga sai an kunna masa. Sannan dawo da ajiyar na buƙatar lambar waya da asusun Google ɗin da aka yi ta da su, alhali mutane da yawa mai shago ne ya buɗe musu Gmail ranar da suka sayi waya, ba su san kalmar sirrin ba. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani kan karɓe ya ba wani, kuma tun Disambar 2023 Google na da damar goge asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba.

Google ɗin da ake tinƙaho da shi ma kaset ne ya taɓa fitar da shi kunya. A Fabrairun 2011 wani sabunta manhaja ya share akwatin Gmail na kusan kashi 0.02 cikin ɗari na masu amfani da shi, kuma matsalar ta shafi kwafin da ke wasu cibiyoyin nasu. Daga kaset suka dawo da saƙonnin, saboda kaset ba ya haɗe da komai, cutar ba ta kai gare shi ba. Idan kamfanin da ya mallaki ma'adanar bai dogara da ita kaɗai ba, bai kamata wanda aka ba aron 15GB ya fi shi imani ba.

Ƙa'idar da masu wannan sana'a ke bi, wadda wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa, ita ce kwafi uku, a kan abu iri biyu, ɗaya a wani gari daban. Ba sai an sayi na'urar miliyoyi ba kafin a bi ta. Kwafi ɗaya a cikin waya. Na biyu a memori ko filas mai bakin OTG da aka gwada, wanda ba ya zama a cikin wayar, domin memorin da ke cikin wayar da aka ƙwace ya tafi tare da ita. Na uku wurin ɗan'uwa amintacce a Sakkwato ko Gusau ko Maraɗi, ko a Drive lokacin da sabis ya samu. Kuma ba komai ake yi wa wannan hidima ba. Fina-finan Indiya da waƙoƙi ana samun su gobe a shagon turawa. Takardu da hotunan iyali da muryoyin da ba za a sake ɗauka ba, idan aka tace su, da wuya su kai 1GB. Idan za a tura takarda ta WhatsApp, a tura ta a matsayin fayil, don turawa a matsayin hoto na rage mata kyau har ƙananan lambobi su dushe.

Memori ba kaset ba ne wajen juriya. Abin da ke riƙe bayanai a cikinsa ɗan cajin lantarki ne da ke zurarewa a hankali, kuma zafi na ƙara masa sauri. A yankin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, memorin da aka cusa a rufin kwano aka manta ba ajiya ba ce. A sa shi cikin leda, a inuwa, kuma duk bayan 'yan watanni a ɗauko a buɗe wasu fayiloli a gani. Takardun da suka fi kowane muhimmanci a yi musu fotokwafi a kai wani gida, takarda ba ta buƙatar caji.

Akwai ƙorafi guda da ya fi na masu cewa Google ta isa nauyi, kuma bai kamata a share shi ba. Yawan kwafi yawan ƙofa ne. Wayar da ta faɗa hannun ɓarayin daji da hotunan takardun fili da saƙonnin banki na iya jawo wa mai ita da danginsa ƙarin bala'i. Memorin da aka bar wa mai shago ya kwana na iya fita da hotunan iyali zuwa inda ba a so. Wannan gaskiya ne, kuma amsarsa ba a daina kwafi ba ce, a zaɓi inda kowane abu zai zauna. Abin da zai cutar idan baƙo ya gani, ya fi dacewa ya zauna can wurin ɗan'uwa na birni ko cikin fayil mai kalmar sirri, a cire shi daga wayar da ake yawo da ita a hanya. Kalmar sirrin kuma a rubuta ta a takarda, domin ajiyar WhatsApp da aka kulle da kalmar sirri ko lamba 64, idan aka manta su, kamfanin da kansa ba zai iya buɗewa ba.

Wani kaso na laifin yana kan masu ƙera waya. Tecno da Infinix da Itel, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne, sun gina kasuwarsu a kan fahimtar mai saye na Afirka, sun ba shi layi biyu da batir mai ƙarfi. Gwajin girman memori na gaskiya a ranar da aka fara sa shi, da maɓallin tantance kwafi bayan turawa, ba su fi waɗancan wuya ba, kuma sun fi wata sabuwar kwalliyar kamara amfani ga wanda takardar gonarsa ke aljihu.

Kafin su yi, masu shagon caji da tura fina-finai a Isa da Sabon Birni da Shinkafi su ne suka fi kowa damar cike wannan giɓi, tunda su ke da kwamfuta da sola. Memori mai 32GB da ke rubuta 10MB a daƙiƙa zai ci kusan awa ɗaya kafin ya cika, karantawa kuma ba ta kai haka ba. Mai saye zai iya barin sabon memori, wanda babu komai nasa a ciki, tare da wayar da ya kawo caji, ya dawo bayan la'asar ya karɓi duka biyun da sakamakon gwaji. Idan jabu ne, mai teburin da ya sayar bai riga ya naɗe kayansa ba.